Baba zai cika 70 a Yuli, gandun daji biyar a kwana 10: shawarata ki rage su zuwa biyu

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce Baba zai cika shekara 70 a watan Yuli, ku 11 ne har da jikoki huɗu, kuna da kwana 10, kuma kina so ku zaga gandun daji biyar na Amurka: Yellowstone, Grand Canyon, Zion, Bryce da Yosemite. Kin kuma ce yana da hawan jini da ciwon gwiwa amma yana tafiya da ƙafarsa. Na yi shekaru ina tsara wa iyalai irin wannan tafiyar ina kuma raka su, toh bari in faɗa miki gaskiya tun daga farko, biyar ɗin nan sun yi yawa, kuma ba kuɗi ne matsalar ba, jikin Baba ne.

A taswira wuraren nan kamar suna maƙwabtaka da juna, amma yammacin Amurka faɗi gare shi ba na wasa ba. Daga Las Vegas, inda ake sauka a je Zion da Grand Canyon, zuwa ƙofar Yellowstone ta yamma tuƙi ne na sama da awa 10, ban sa tsayawa cin abinci da shiga bayi da rigimar yara ba. Yosemite kuma can take Kalifoniya, wata kusurwar daban. In kika haɗa duka za ki ga kusan rabin kwanakinku a mota za su ƙare, kullum ana ɗaure kaya ana kwancewa, kuma mai ciwon gwiwa babu abin da ke kumbura masa ƙafa kamar zaman mota na awa shida bakwai. Na taɓa raka wani iyali da suka dage sai sun yi huɗu a kwana takwas, a rana ta biyar dattijon da aka yi tafiyar dominsa ya ce shi dai a bar shi a ɗaki su je su dawo, kuma ranar ce ranar haihuwar tasa. Har yau abin yana damuna don da na ƙara matsa musu tun wajen tsarin da ba a kai ga haka ba.

Tunda Yuli ce, ki ajiye Zion da Grand Canyon da Bryce zuwa wani lokacin. A Yuli cikin kwarin Zion zafi yana haura digiri 38, kuma lokacin ne damunar yankin take farawa, ruwa yakan sauka a wani wuri mai nisa sai ambaliya ta biyo ta cikin matsattsun kwaruruka ba zato. Bryce ba zafi sosai amma bisa take, wasu wuraren kallonta sun kai mita 2,700. Waɗannan na Afrilu da Mayu ne ko Oktoba. Abin da ya dace da Yuli, ya dace da dattijo, ya kuma dace da yara shi ne Yellowstone da Grand Teton, wani gandun da ba ki lissafa ba, manne suke da juna, hanya ɗaya ce ta haɗa su, kuma yawancin abin kallo daga mota ko tafiyar minti goma ake ganinsa.

Yellowstone ita ce gandun daji na ƙasa na farko, a 1872 shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar kafa ta, girmanta ya kusa murabba'in kilomita 9,000, mafi yawanta a jihar Wyoming sai ɗan gefe a Montana da Idaho. Babbar hanyar cikinta siffar lamba 8 gare ta, mil 142 ce, kuma ba a wuce gudun mil 45 a awa, wasu wuraren ma ƙasa da haka. Ki ƙara da cewa ɓauna ɗaya in ta ga dama ta tsaya a tsakiyar titi sai motoci ɗari su jira ta. Shi ya sa nake cewa duk lokacin da taswirar waya ta ba ki, ki ƙara rabinsa a kai. Mutum sama da miliyan 4 ke shiga a shekara, kuma Yuli ce ta fi kowane wata cika, wajen miliyan 1 a wata ɗayan nan kawai, kinga ke nan maganar fakin ba ƙarama ba ce.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci a wajena, tsayin ƙasa. Mutane suna shirya wa sanyi da beyar su manta da wannan. Yawancin Yellowstone tana sama da mita 2,000 daga teku. Maɓuɓɓugar Old Faithful wajen mita 2,240, tafkin Yellowstone mita 2,357, Canyon Village wajen 2,400, sai mashigar Dunraven da ta kai 2,700. A irin wannan tsayin iskar da mutum ke shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar a ƙasa, zuciya tana ƙara bugu, numfashi yana gajarta, barci ba ya daɗi a daren farko da na biyu, wani ya yi ciwon kai wani jiri. Ga mai hawan jini ɗan shekara 70 wannan ba abin da za a yi wa gangancin "ai Baba da ƙarfinsa" ba ne. Dan Allah kafin ki biya kuɗin jirgi ya ga likitansa, a faɗa wa likitan lambobin nan da na rubuta ƙarara, kar a ce masa "za mu je yawon buɗe ido" kawai. In yana shan maganin da ke sa yawan fitsari a tambaya musamman, saboda iskar can busasshiya ce, ruwan jiki yana ƙarewa mutum bai ji ƙishi ba. Ku tafi da na'urar awon jininsa, magunguna kuma a jakar hannu, da rarar kwana uku ko huɗu. Akwai ƙananan asibitoci a cikin gandun, a Mammoth da Lake da Old Faithful, amma babban asibiti sai an fita, Jackson ko Bozeman ko Cody ko Livingston. In ya fara haki yana zaune, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ba a jira gari ya waye, a kira lambar gaggawa 911 ko a nemi jami'in gandu mafi kusa.

Saboda wannan ne nake son ku shigo ta arewa ku hau a hankali. Ku sauka a filin jirgin Bozeman, bai kai mita 1,500 ba, ku kwana ɗaya a nan ku yi sayayya, ruwa, kula, kayan ci na hanya. Washegari tuƙin awa ɗaya da rabi zuwa Gardiner, ƙaramin gari ne a bakin ƙofar arewa, mita 1,600, nan ne baka ta dutse take wadda shugaba Theodore Roosevelt ya aza harsashinta a 1903, wajen hoton iyali ne mai kyau. Ku yi kwana uku a nan. Da rana ku hau sama ku yi kallo, da dare ku sauko Baba ya kwana a ƙasa, jiki yana sabawa ba tare da an takura masa ba. Hanyar Gardiner zuwa Mammoth ta yanzu tana da kwana-kwana da gangare, tsohuwar hanyar kuwa ambaliyar Yunin 2022 ce ta cinye ta, don haka wanda ya fi natsuwa a cikinku shi ya riƙe sitiyari.

Daga Gardiner abubuwa uku za ku yi, ɗaya a rana, kar ki haɗa. Mammoth Hot Springs, wato tudun farin dutse hawa-hawa da ruwan zafi ya gina, akwai matakala da yawa a ɓangaren ƙasa, Baba kar ya hau, akwai hanyar mota ta sama da ake zagayawa a ga kusan komai, matasa su bi matakalar ku haɗu a sama. Sai kwarin Lamar, wanda ni a wajena shi ne zuciyar tafiyar gaba ɗaya. Nan ne garken ɓauna suke, nan ne kuma aka fi samun ganin kyarkeci tun da aka dawo da su gandun a 1995 bayan an shafe shekaru kusan 70 babu su. Amma fa sai an yi sammako, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 a Yuli, ku bar masauki wajen 4:30 ko 5. In kuka ga mutane sun jeru a gefen titi da manyan madubin hangen nesa a kan ƙafafu, ku faka inda aka tanada ku je ku gaishe su, yawancinsu da murna suke barin mutum ya leƙa, balle dattijo da yara. Ku taho wa Baba da kujera mai naɗewa da bargo da shayi a fulas, ya zauna ya kalla, babu tafiyar ƙafa ko kaɗan. Rana ta uku Canyon, wato babban kwazazzabon kogin Yellowstone, ku je Artist Point, daga fakin zuwa wajen kallo 'yar tafiya ce, a ga ruwan Lower Falls yana faɗowa daga mita 94. Akwai wata hanya da ke gangarawa har bakin inda ruwan ke zubowa, kyakkyawa ce amma dawowar hawa ce mai tsanani, ba ta mai gwiwa ba ce ko kusa.

Bayan nan sai ku koma Old Faithful kwana biyu ko uku, lokacin jikin Baba ya saba. Ni da ni ce ke tsarawa, nan zan sa ranar haihuwar ta faɗo. Old Faithful maɓuɓɓuga ce da ke feso tafasasshen ruwa sama, mita 30 zuwa 55, kusan duk bayan minti 90, kuma ana rubuta lokacin da ake sa ran na gaba a ofishin baƙi da cikin otal. Akwai bencina a zagaye, ƙasa shimfiɗe take. Otal ɗin da ke wajen, Old Faithful Inn, da gungumen itace aka gina shi tsakanin 1903 da 1904, kuma yana da baranda a sama da ake zama a kalli feshin ba tare da cunkoso ba. Ki kama teburin cin abincin dare tun da wuri don na nan sai da ajiye wuri, ku 11 kuma ba a samun teburinku ranar da aka zo. Kek ki saya a gari kafin ku shigo ki sa a kula. Balan-balan da 'yan takardun nan masu ƙyalli da ake watsawa ki bar su a gida, iska tana kwashe su ta kai cikin maɓuɓɓugai ko bakin dabbobi. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto shi ma haramun ne a gandun dajin ƙasa tun 2014, ki faɗa wa samarin gidanku tun yanzu kar wani ya sayo don bikin.

Grand Prismatic, tafkin nan mai launin shuɗi da ruwan ɗorawa da ja da kike gani a hotuna, yana kusa, faɗinsa ya haura mita 100. Kuskuren da kowa ke yi shi ne zuwa da sassafe don guje wa mutane, sai su tarar tururi ya rufe launin gaba ɗaya saboda sanyin safiya. Shi wannan sai rana ta yi zafi, ni na fi son yamma wajen 5 zuwa 6, launi yana nan kuma motoci sun fara raguwa. Hoton da ake ɗauka daga sama kuma daga wani tudu ne ta hanyar Fairy Falls, wajen kilomita ɗaya zuwa, ƙarshensa hawa ne, ki duba yanayin gwiwar ranar kafin ki yanke.

Maganar ɗaki kar ki yi wasa da ita. Masaukan cikin Yellowstone ana buɗe kama su kusan wata 13 kafin lokaci, ranar 5 ga kowane wata ake buɗe na wannan watan a shekara mai zuwa, kuma na Yuli da wuri suke ƙarewa. In kin makara kar ki karaya, mutane suna fasawa kullum, ki riƙa leƙawa safe da yamma, ko ki kama a garin West Yellowstone a wajen gandun. Ki sani ɗakunan ciki babu talabijin babu na'urar sanyaya ɗaki, wasu tsofaffin ɗakunan Old Faithful Inn ma bayi na haɗaka ne a baranda, toh na Baba ki tabbatar mai bayi a ciki ne kuma wanda ba sai an hau bene ba, ki kira su a waya ki faɗa da baki, kar ki dogara da abin da kika latsa a intanet.

Tsaro, a taƙaice amma ki karanta wa kowa a mota. Yadi 100 tsakaninku da beyar da kyarkeci, yadi 25 tsakaninku da ɓauna da manyan barewar nan elk, doka ce. Ɓauna ta fi kowace dabba jikkata mutane a gandun nan, namijin yana kai kilo 900 kuma yana gudun kilomita 55 a awa, daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta kuma lokacin barbararsu ne, a fusace suke. A wuraren ruwan zafi ba a sauka daga hanyar katako ko taku ɗaya, ƙasar ɓawo ce siririya tafasasshen ruwa na ƙarƙashi, sama da mutum 20 sun mutu ta haka a tarihin gandun. Jikokin nan huɗu kowanne a ba shi babba ɗaya da zai riƙe hannunsa, a faɗi sunan wa ke riƙe da wa, don "ai muna kallonsu" shi ne yadda yaro ke sulalewa. Feshin korar beyar ba a hawa jirgi da shi, can za ku saya ko ku yi haya.

Kwana ukun ƙarshe Grand Teton. Daga Old Faithful awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne kudu. Nan hutu za ku yi. Duwatsun sun miƙe ne kai tsaye daga fili babu ƙananan tuddai a gabansu, mafi tsayi mita 4,199, shi ya sa daga ko'ina a titi kallo ne. An kafa gandun a 1929 aka faɗaɗa shi a 1950 bayan John D. Rockefeller ƙarami ya sayi filaye da yawa a kwarin ya ba gwamnati. Ku shiga falon Jackson Lake Lodge ko ba nan kuka sauka ba, tagoginsa dogaye ne suna fuskantar duwatsun, Baba ya zauna a kujera mai laushi ya sha kallo. Oxbow Bend da safe, ruwan yana kwance dutsen Moran yana ciki kamar madubi. A tafkin Jenny akwai kwalekwale mai inji da ke tsallakar da mutane, daga can zuwa Hidden Falls kusan mita 800 ne da ɗan hawa da duwatsu, in gwiwa ta ƙi sai ya yi zagayen kwalekwalen kawai, shi ma ya isa. Ku je kafin 8 na safe don fakin ɗin Jenny cika yake. Sai ku tashi daga filin jirgin Jackson Hole wanda a cikin gandun ma yake. Ɗaukar mota a Bozeman a ajiye a Jackson yana da ƙarin kuɗi, ki tambaya kafin ki biya, amma ya fi ku sake tuƙa duk hanyar baya.

Kuɗin shiga: dala 35 ne kowace mota na kwana 7, kuma kowane gandu da nasa. In Baba ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama ta dindindin, tunda ya haura 62 zai iya sayen katin dattawa, dala 80 na har abada ko dala 20 na shekara, yana shigar da duk wanda ke motarsa, sai dai ya riƙe shaidarsa a hannu. Ku 11 mota biyu za ku yi, kuma kati ɗaya mota ɗaya yake ɗauka. In cikin jikokin akwai ɗan aji huɗu na firamare a Amurka, akwai katin kyauta na Every Kid Outdoors da ke aiki daga Satumba zuwa ƙarshen Agusta, a cike a intanet a buga takardar a zo da ita, sai a sa yaron a mota ta biyu. In kuwa akwai waɗanda ba mazauna Amurka ba a cikinku, daga 1 ga Janairun 2026 an sa ƙarin dala 100 a kan kowane mai shekara 16 zuwa sama a manyan gandaye 11, kuma Yellowstone da Grand Teton duk suna ciki, ko kuma a sayi katin shekara na baƙi dala 250. Ki zauna ki lissafa wanda ya fi sauƙi gwargwadon yawansu.

Mota biyun nan ma alheri ce, kar ki nemi babbar bas ɗaya don a zauna tare. Ɗaya ta zama ta Baba, duk lokacin da ya gaji ta juya masauki ba tare da an katse wa yara ba, shi ma ba zai ji nauyin cewa ya gaji ba, don na lura iyayenmu sun gwammace su daure su yi shiru da su ɓata wa jikoki rana. Ki sa dokar cewa daga ƙarfe 1 zuwa 4 hutu ne ga kowa, ba don Baba kaɗai ba, lokacin ne ma cunkoso ya fi yawa kuma hadari yakan taso da tsawa. Sabis ɗin waya babu shi a yawancin gandun, ku sauke manhajar NPS, wato hukumar gandun dajin Amurka, da taswira tun a Bozeman, ku kuma riƙa ajiye magana kafin a rabu, wuri kaza ƙarfe kaza. Kaya kuma a yi su hawa-hawa, da rana za a iya kai digiri 25 da asuba kuma ya sauko kusa da ƙanƙara, hula da man kare fata daga rana dole ne don ranar bisa tana ƙuna ko ana sanyi. Sandar tafiya guda biyu irin ta masu hawan dutse tana rage wa gwiwa nauyi sosai a gangare, ki saya masa tun yanzu ya saba da ita a unguwa. Wasu ofisoshin baƙi suna ba da aron keken guragu, ko bai saba hawa ba yana da amfani a doguwar hanyar katakon da ke bayan Old Faithful.

Yaran kuma ki karɓar musu littafin Junior Ranger a ofishin baƙi na farko da kuka shiga, suna cike shi a hanya, a ƙarshe jami'in gandu ya sa su ɗaga hannu su yi alƙawarin kare daji ya ba su baji. Babu iyakar shekaru a sama, manya ma suna yi. Ki karɓi guda biyar, ɗaya na Baba, su cike tare da jikokinsa a mota, ki kuma daidaita karɓar bajin ya faɗo ranar da ya cika 70 ɗin, ki raɗa wa jami'in tun kafin su zo layi.